Mai Jego Da Gaggawar Rage Ƙiba: Abin Da Jiki Zai Iya Ɗauka Kafin Arba'in Da Bayanta

Akwai wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo manyan biranenmu, musamman gidajen ma'aikata da 'yan boko, wadda ya kamata a tsaya a dube ta da idon basira tun kafin ta zama jiki. Mace za ta haihu yau, kafin ranar suna an fara yi mata maganar tumbi. Cikin 'yan barka ba a rasa mai ce mata ta yi maza ta ɗaure cikin nan kada ya zauna, wata ta kawo mata sunan wani shayi da aka ce yana narkar da teɓa cikin mako biyu, wata kuma ta nuna mata a waya hoton wadda ta haihu watan jiya amma ta koma tamkar budurwa. Maigida ma, ko bai furta ba, wani lokaci kallonsa ya isa magana. Ita kuwa baiwar Allah, ga jinin biƙi bai ɗauke ba, ga ɗinki bai warke ba, ga jariri ba ya barin ta ta runtsa, sai ta wayi gari tana ƙidayar lomar tuwo.

Abin mamakin shi ne, ba da daɗewa ba al'ummar nan ta ɗaya fuskar take kallon lamarin. A da, idan mai jego ta fito yawon arba'in ba ta yi ɓul-ɓul ba, dangin miji ne ke shan zargi, a ce ba a kula da ita ba. Idan kuwa wankan gida ta je, to abin kunyar na iyayenta ne. Shi ya sa ake ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama da ƙauri da yajin jego, har sai ta ce ta gode. Wannan tunani bai mutu ba, domin har gobe akwai masu neman ƙwayoyin nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Saboda haka mai jegon wannan zamani tana tsaka mai wuya: uwa na cewa ci, ƙawa na cewa rage, kuma a cikinsu babu wadda ta tambayi abin da jikin nata yake ciki.

Kafin a yi maganar rage nauyi, ya kamata mai karatu ya san inda nauyin ya fito. A shekarar 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da likitoci a ƙasashe da dama ke aiki da shi. Ma'aunin ya ce macen da take da matsakaicin jiki kafin ta ɗauki ciki, daidai ne ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 kafin ta haihu. Ramammiya kilo 12.5 zuwa 18. Mai ɗan jiki kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuma kilo 5 zuwa 9. Mafi yawan wannan nauyi ba kitse ba ne. Jariri kansa yakan kai kilo 3 ko 3.5, mabiyiya ta ɗara rabin kilo, ruwan faya ya kusa kilo 1, mahaifa ita ma ta kai kilo 1. Jinin da ke jikin mace yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, ga ruwan da ke taruwa a gaɓoɓi, ga nono da ya cika. Kitsen da jiki ya tara bai cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, shi ma guzuri ne da aka tanada don shayarwa.

A ranar haihuwa kaɗai mace takan sauke kilo 5 zuwa 6. A makon farko kuma wasu kilo 2 zuwa 3 na ruwa sukan fita ta hanyar fitsari da gumi, wanda shi ne dalilin da ya sa mai jego kan farka da dare ta tarar da rigarta sharkaf ko da sanyi ake yi. Mahaifar da ta kai kilo 1 takan koma kimanin rabin kilo bayan mako guda, sannan ta ci gaba da tsukewa har ta dawo ƙasa da giram 100 a mako na shida. Wannan ne ya sa cikin mace kan zauna kamar na wata biyar bayan ta sauka, abin da ke tayar wa masu haihuwar fari hankali. Babu shayi ko ɗamarar da ke gaggauta wannan aiki. Abin da ke taimaka masa shi ne tsotson jariri, domin duk lokacin da ya kama nono jiki na sakin wani sinadari mai suna oksitosin da ke matse mahaifa, kuma shi ne murɗar marar da mata kan ji suna cikin shayarwa a kwanakin farko.

A nan al'ada da likitanci sun yi kiciɓis. Kwana arba'in da kakanninmu suka keɓe wa mai jego, da mako shida, wato kwana 42, da likitoci ke ɗauka a matsayin lokacin da jiki ke komawa mazauninsa, kusan abu guda ne. A cikin wannan tsakani, a ganina, bai kamata kalmar rage cin abinci ta shiga ɗakin mai jego ba sam. Inda mabiyiya ta rabu da mahaifa rauni ne buɗaɗɗe mai faɗin tafin hannu. Wadda aka ƙara ko aka yi wa tiyata tana da wani raunin a kai. Ga jinin da aka zubar, wanda a haihuwar lafiya ma yana iya kusantar rabin lita, a tiyata kuma ya kusanci lita guda. Duk waɗannan da abinci ake gyara su. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekaru 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ke nan fiye da rabin matanmu da gibi suke shiga ɗakin haihuwa. Saboda irin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a ƙasashen da matsalar ta yi yawa, mai jego ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini har mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Sau nawa ake tarar da ƙwayoyin nan a ƙasan jaka an daina shan su tun ranar suna, alhali ana can ana cigiyar shayin rage tumbi?

Sai batun nono. Macen da ke shayar da jaririnta nono zalla takan samar da kimanin mililita 750 a kullum, kuma wannan aiki na cin kusan kalori 500 a yini, wato ya fi abin da mutum zai ƙone idan ya yi tafiyar sa'a guda a ƙasa da sauri. Wani ɓangare na wannan ƙarfi daga kitsen da aka tara lokacin goyon ciki yake fitowa, saura kuma, kimanin kalori 330 zuwa 400, dole ya fito daga ƙarin abinci. Sai dai kada a yaudari mata da cewa shayarwa kaɗai za ta zube musu ƙiba. Tana taimakawa, amma taimakon nata matsakaici ne, kuma akwai matan da jikinsu ba ya sakin kilo biyu ko ukun ƙarshe sai bayan yaye. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, idan abinci ya yi ƙaranci jiki kan fifita jariri a kan uwa, ya kwaso daga ajiyarta ya zuba a nono. Duk da haka akwai sinadaran da yawansu a nono ya dogara ga abin da uwa ta ci, kamar bitamin A da B12 da aidin. Uwar da ta koma rayuwa a kan ruwan zafi da lemun tsami tana cutar da kanta da farko, daga baya ta taɓa jaririn.

To shin mai shayarwa ba ta da halin rage nauyi ke nan? Tana da shi, kuma an gwada. A shekarar 2000 wata mai bincike a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, Cheryl Lovelady, ita da abokan aikinta sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mata 40 masu ɗan jiki, dukansu masu shayar da nono zalla. Daga mako na huɗu bayan haihuwa aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suka rage kalori 500 daga abincinsu na kullum, suna kuma motsa jiki na minti 45 sau huɗu a mako; ɗaya kashin aka bar su yadda suke. Bayan mako 10, na farkon sun sauke kimanin kilo 4.8, na biyun kuwa ƙasa da kilo 1, kuma jariran ɓangarorin biyu sun yi girma daidai da juna. Wannan ne tushen shawarar da ake yawan ji cewa rabin kilo a mako ba ya cutar da nono. Amma a lura da sharuɗɗan: matan nan masu rarar jiki ne, ƙosassu ne, ana sa musu ido, kuma nononsu ya riga ya zauna. Galibin likitoci sun fi son a jira sai an yi awon mako shida, kuma kada mai shayarwa ta sauka ƙasa da kalori 1,800 a yini.

Lissafin a fili yake. Wadda ta yi arba'in da rarar kilo 8, idan komai ya tafi daidai tana buƙatar wata huɗu, kuma da yake komai ba ya tafiya daidai a gidan da ke da jariri, wata shida zuwa shekara shi ne abin da ya fi kusa da gaskiya. Duk mai tallar da ya yi alkawarin kilo 10 a wata guda, ruwan jiki da tsoka yake shirin cire mata.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a yi watsi da maganar baki ɗaya, domin ƙibar da ta zauna bayan haihuwa ba batun ado kaɗai ba ne. A 2006 an wallafa wani babban nazari da aka yi a Suwidin a kan mata sama da 150,000, inda aka auna su a cikin fari da kuma ciki na biyu. An gano cewa waɗanda suka ƙara nauyi sosai tsakanin cikin biyu sun fi fuskantar hawan jinin masu ciki, da ciwon suga na goyon ciki, da tiyata, da ma haihuwar ɗa ba rai. Wannan ya fi shafar mu fiye da Turawan da aka yi nazarin a kansu, domin binciken 2018 da na ambata ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici. Idan kowace haihuwa ta bar mata kilo 2 kacal, kafin ta rufe ta tara kilo 12 ko 13, ga gwiwa ta fara ciwo, ga suga na leƙowa tana 'yar shekara arba'in. Tazarar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, tana cikin abubuwan da ke ba jiki damar sauke kayan da ya ɗauka kafin a ɗora masa wani.

Akwai wani dalili namu na gida da ya sa wasa da jikin mai jego ya fi hatsari a wannan yanki. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi samun ciwon gazawar zuciya mai zuwa dab da haihuwa ko a watannin bayanta, a duk faɗin duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bibiyi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta cewa a Zariya ana samun mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Wani nazarin da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 ya sami ɗaya cikin 102. A Amurka kuwa ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000 ne. Likitocin na Zariya sun ɗora zarginsu a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, bisa hujjar cewa gishirin da ke cikin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki.

An yi shekaru ana karantar da ɗaliban likitanci wannan bayani, sai a 2020 wani babban bincike da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta ya zo da abin da ya sa aka sake tunani. An tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci a shiyyoyin ƙasar nan shida, sama da kashi 70 cikin 100 daga Arewa maso Yamma, inda yawan ciwon ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu, ba a sami hujjar cewa wanka da kunun kanwa su ne sanadi ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatu, da rashin sana'a, da tarihin hawan jinin masu ciki, da kuma rama. A sake karanta na ƙarshen. Rama na cikin abubuwan da aka samu tare da wannan ciwo, wanda a cikin matan da aka ci gaba da bibiya kusan ɗaya cikin biyar ta rasu cikin kimanin shekara ɗaya da rabi. Binciken bai ce rage cin abinci da gangan na kawo ciwon ba, kuma yawancin matan talauci ne ya ramar da su. Amma macen da take da halin ci, ta zaɓi ta jefa jikinta cikin yunwa a daidai watannin da zuciya ke ƙoƙarin farfaɗowa, ta san a wace ƙasa take yin hakan.

Babban abin tsoro shi ne yadda alamun wannan ciwo ke shigar burtu su yi kama da ƙiba. Ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, ciki ya ƙi sauka, sikeli ya nuna ƙari maimakon ragi, mace na haki idan ta hau bene, sai a ce ai jiki ne ta yi. Daga nan wata ta aika kemis a sayo mata ƙwayar sa fitsari, kumburin ya ɗan saɓe, ta ɗauka ta sami magani, alhali ciwon na nan yana cin ta. Ɗan kumburin ƙafa a makon farko ba baƙon abu ba ne. Amma kumburin da ke ƙaruwa bayan haka, da hakin da ke hana mace kwanciya sai ta tara matasai, da tarin dare, da bugun zuciya, da ƙarin kilo biyu cikin 'yan kwanaki, ba aikin shayi ba ne, aikin likitan zuciya ne, kuma a ranar.

Wannan bai wanke kanwa sarai ba. Kanwa gishiri ce ta wata fuskar, tana ɗauke da sodiyam mai yawa, kuma wadda ta yi fama da hawan jini a goyon ciki ba ta da abin da za ta nema a wurinta, tunda hawan jinin da ke kai ga jijjiga yana iya tasowa har mako shida bayan haihuwa. Ga mai lissafin nauyi kuma, sodiyam na riƙe ruwa, sukarin da ake zubawa a kofunan kunu uku ko huɗu a yini kuma ba ƙarami ba ne. Shi kuwa wankan jego, idan an sirka ruwan ya daina ƙuna, yana sassauta gajiya kuma ba wanda zai raba mata da shi. Illa dai a daina cewa yana narkar da kitse. Abin da ke fita gumi ne, kofi biyu na ruwa ya mayar da shi.

Mu dawo kan shayin. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan shayin rage tumbi ganyen filasko ne ko danginsa, a haɗa da abin sa fitsari da ganyen shayi mai ƙarfi. Filasko kowa ya san aikinsa: zawo. Mace ta kwana tana zarya, da safe sikeli ya nuna ta ragu, ta yi murna, alhali ruwa ne da sinadarin fotasiyam suka fita, wanda zuciya ke buƙata don daidaita bugunta. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne abin da ba a rubuta a kwali ba. Akwai wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda an gano yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma tun daga lokacin hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayayyakin da aka rubuta musu cewa tsantsar ganye ne. Kafin wannan, a farkon shekarun 1990, mata sama da 100 da suka je wani asibitin rage ƙiba a babban birnin Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda sakamakon wani ganye da aka shigo da shi daga Sin aka haɗa musu bisa kuskure. Da yawansu sun ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya aka same su da sankarar hanyar fitsari. Ganye ne, kuma a asibiti aka ba su, a tsakiyar Turai. Ina ga wanda aka ɗura a leda a ɗakin da ba a san inda yake ba, ana tallarsa a Instagram da WhatsApp? Lambar NAFDAC ma, idan ta gaskiya ce, a kan maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana aikin da mai shi ke iƙirari. Su kuma alluran zamani irin su Ozempic da Wegovy da masu hali suka fara nema, ba a ba da shawarar amfani da su ga mai shayarwa, kuma kamfanin da ke yin su da kansa ya ce a daina su wata biyu kafin ɗaukar ciki.

Ɗaurin ciki ba sabon abu ba ne a wurinmu, iyaye sun daɗe suna yi da zane. Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗanda aka yi wa tiyata sun nuna cewa ɗamara mai laushi na rage zafin ɗinki, ta kuma taimaka wa mace ta miƙe ta taka. Iyakar amfaninta ke nan. Ba ta ƙone kitse ko giram ɗaya. Irin ta roba mai ƙarafuna da ake ɗaurewa har numfashi ya gagara kuwa, ƙasa take danna kayan ciki, kan tsokar ƙugu da haihuwa ta riga ta sassauta, abin da ke iya tsananta ɗigar fitsari idan an yi tari ko atishawa. Sau da yawa ma tumbin da ake yaƙi da shi ba kitse ba ne. Tsokar gaban ciki igiya biyu ce a jere, goyon ciki kan buɗa tsakaninsu. Wani nazari da aka wallafa a 2016 a kan mata 300 masu haihuwar fari a ƙasar Norwe ya sami wannan buɗewa a kashi 60 cikin 100 a mako na shida, ta ragu zuwa kimanin kashi 33 bayan shekara guda. Mace na iya dubawa da kanta: ta kwanta rigingine, ta tanƙwara gwiwa, ta ɗan ɗaga kai, ta sa yatsu a saman cibiya. Idan ramin ya ci fiye da yatsu biyu, to ta nemi ƙwararrun sashen gashi da motsa gaɓoɓi su koya mata atisayen da ya dace, maimakon ta faɗa wa irin na tashi-kwanta da ake gani a bidiyo.

Motsa jiki kuwa tun da wuri ake farawa, amma a hankali. Wadda ta haihu da kanta lafiya tana iya fara takawa cikin 'yan kwanaki, ko da zagayen tsakar gida ne na minti 10 da safe da yamma. Amfanin wannan ya wuce na nauyi, domin makonni shidan farko su ne lokacin da jini ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, kuma kwanciya wuri ɗaya na ƙara hatsarin. Haka nan atisayen matse tsokar ƙasa, kamar mai riƙe fitsari, a riƙe na 'yan daƙiƙu a saki, ana iya yin sa ana zaune ana shayarwa ba wanda ya sani. Daga nan a riƙa ƙarawa har a kai minti 150 a mako, wanda shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ga masu ciki da masu jego. Wadda aka yi wa tiyata ta taka, amma kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi sai likita ya duba ɗinkin. Gudu da tsalle su jira wata uku. Idan jini ya ƙaru ko ya koma ja wur bayan ya fara dusashewa, jiki ne ke cewa an yi gaggawa. Maganar da ake yi cewa motsa jiki na tsinka nono ko ya ɓata shi ba ta da tushe.

A ɓangaren abinci, mai jegon da ke cikin wadata ba ta buƙatar komai daga kantin Turawa. Abin da ya kamata a duba shi ne kayan barka. Katan-katan na lemun kwalba da na malt da ake jibge mata, da imanin cewa malt da madara na ƙara jini, su ne farkon abin da za a kyautar. Robar lemo mai santilita 50 na ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12 ko fiye, kalori 200 ke nan da ba ya ƙosarwa. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, kalori 120 ne. Mai jegon da ta bar lemo biyu a yini, ta rage sukarin shayi da na kunu, ta sa aka sassauta hannu a mai, ta ɗaga wa cincin da dubulan ƙafa, ta riga ta sami ragin kalori 500 ɗin nan ba tare da ta taɓa tuwonta ba. Jini kuwa a nama da hanta da kifi da wake da zogale da alayyafo yake, kuma cin su tare da lemun zaƙi ko gwaiba ko tumatir na taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke ciki, yayin da shan shayi a kan abinci ke hana shi. Gero da dawa da acca sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Fura da nono abinci ne mai kyau idan ba a mayar da ita zuma ba. Ruwa kuma a sha duk lokacin da aka zauna shayarwa.

Akwai abu guda da ba a saye a kasuwa, kuma a nan ne nake son maza su saurara. Wani nazari da aka wallafa a 2008 a kan mata 940 a yankin Boston na Amurka ya gano cewa waɗanda ke barcin sa'a 5 ko ƙasa da haka a lokacin da jaririnsu ke wata shida, sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar riƙe rarar kilo 5 ko fiye bayan shekara guda. Rashin barci na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, ya kuma kashe kuzarin motsi. A gidan gandu na da, akwai kaka da gwaggo da ƙannen miji masu karɓar jariri mai jego ta runtsa. A fulat ɗin ma'aikaci mai ɗaki uku kuwa, da zarar tsohuwar da ta zo wanka ta koma gida, daga ita sai ita. Maigidan da ke son matarsa ta koma yadda ya aure ta, karɓar jariri daga asuba zuwa hantsi a ranakun hutu ya fi masa amfani a kan sayo mata injin gudu. Gugar zana da kwatanta ta da wasu, ko barazanar ƙaro aure a cikin raha, su ne ke tura mata wurin masu shayi.

Wuraren aiki ma na da nasu kason. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a bakin aiki, sai rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ke nan ma'aikaciyar banki ko makarantar kuɗi na iya komawa ofis arba'in na cika, ta shiga tsoffin kayanta a gaban abokan aiki masu ido. Jihar Legas a 2014 da jihar Kaduna a 2019 sun mayar da hutun ma'aikatansu mata wata shida, wanda ya yi daidai da tsawon shayar da nono zalla, kuma ya yi daidai da lokacin da jiki ke buƙata.

Game da azumi, shari'a ta riga ta ɗauke shi ga mai jinin biƙi, ta kuma yi sauƙi ga mai shayarwar da ke tsoron cutuwa ko cutuwar ɗanta. Masu mayar da ramuwar azumi dabarar rage ƙiba tun jariri na wata biyu, su jera kwana 30 a tsakiyar bazara, gara su tambayi malami da likita tukuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce a duba mai jego da jaririnta aƙalla sau huɗu: cikin sa'a 24, sai a kwana na biyu zuwa na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Wannan na ƙarshen ne mata masu ilmi ma suka fi tsallakewa, ko su kai jariri rigakafi su dawo ba wanda ya auna su. A nan ne ya kamata a auna hawan jini da yawan jini, a duba ɗinki da tsokar ciki. Wadda ta yi suga a goyon ciki ta nemi a sake gwada ta tsakanin mako 6 zuwa 12. Wadda ta ga tana zubewa da sauri ba dalili, ga faɗuwar gaba da rawar hannu, ko kuma bayan wata huɗu ta ga nauyi na ƙaruwa ga kasala da jin sanyi, ta nemi gwajin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, domin kimanin mace 5 cikin 100 kan sami kumburinta a shekarar haihuwa. Wadda abinci ya fita ranta, ko take ci ba ƙoshi tana kuka ba dalili, ta faɗa wa likita ƙarara, tunda ƙiyasin hukumar ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wannan zaman ne kuma za ta hau sikelin asibiti, a rubuta mata nauyinta a kati kusa da wanda aka rubuta ranar da ta fara awon ciki, ita da likita su tsayar da kilo nawa ne rara da kuma wata nawa za a ɗiba.